Angus Buchanan

Angus Buchanan (1886 – 1954) Bature ne ɗan ƙasar Sikotland, soja, matafiyi, marubuci, kuma mai tattara samfurin dabbobi da tsuntsaye domin gidajen ajiyar kayan nazarin halittu. An fi saninsa da tafiye-tafiye biyu da ya yi a kan raƙumi daga Kano. A ta farko ya je duwatsun Azbin a shekarar 1920, a ta biyu kuma ya ƙetare hamadar Sahara har zuwa Aljeriya tsakanin 1922 da 1923. A fagen ilimin dabbobi sunansa yana haɗe da garin Fanisau, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta Jihar Kano a yau. A nan ne ya kama ƙananan dabbobin da masana suka siffanta, suka raɗa wa wasunsu sunayen kimiyya da ake amfani da su har yanzu. Wannan tarin nasa yana cikin tsofaffin shaidun da ake da su game da ƙananan dabbobin gonakin kewayen Kano kafin birnin ya faɗaɗa.

Akwai wani soja mai suna Angus Buchanan (1894 – 1944) wanda ya sami lambar yabo ta Victoria Cross a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Suna ne kawai ya haɗa su.

Farkon rayuwa da zaman Kanada

An haifi Buchanan a shekarar 1886 a garin Kirkwall da ke tsibiran Orkney, can arewacin Sikotland. Tun yana saurayi ya yi ƙaura zuwa Kanada. A shekarar 1914 ya shiga dazuzzukan arewacin lardin Saskatchewan cikin kwalekwale, ya bi kogin Churchill har zuwa tafkin Reindeer, yana harbo tsuntsaye yana gyara fatunsu domin nazari. A wannan tafiya ya ƙware a sana'ar da ta zama abin yinsa daga baya: feɗe ƙaramar halitta ba tare da an lalata fatarta ba, auna ta, da rubuta wuri da ranar da aka same ta.

Saboda nisan wurin, labarin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya bai iske shi ba sai bayan an daɗe da farawa. Da ya ji, sai ya katse tafiyar ya juyo domin shiga soja. Wani masanin tsuntsaye ɗan Kanada, J. H. Fleming, ya wallafa bayanin tsuntsayen da ya tara a shekarar 1919. Shi kuma Buchanan ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Wild Life in Canada, wanda ya fito a 1920.

Aikin soja a Gabashin Afirka

Buchanan ya shiga bataliya ta 25 ta rundunar Royal Fusiliers, wadda Birtaniya ta tura Gabashin Afirka a shekarar 1915 domin yaƙar sojojin Jamus a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Bataliyar ta tara mafarauta da 'yan yawon duniya da dama, ciki har da shahararren maharbin nan Frederick Selous, wanda aka kashe a fagen daga a watan Janairu na 1917. Buchanan ya kai muƙamin kyaftin, ya kuma sami lambar yabo ta Military Cross. Zazzaɓi da atini sun fi harsashi cin mutanen wannan runduna, shi ma rashin lafiya ce ta sa aka mayar da shi gida.

Ko a cikin yaƙi bai bar tattara tsuntsaye ba. Masanin tsuntsaye Ernst Hartert ya raɗa wa wani ɗan tsuntsu mai kaurin baki na ƙasar Kenya sunan buchanani a shekarar 1919 domin girmama shi. A wannan shekarar ce kuma littafinsa na yaƙi, Three Years of War in East Africa, ya fito.

Aiken Rothschild

Bayan yaƙi, attajirin nan Walter Rothschild (1868 – 1937), wanda yake da gidan ajiyar halittu na kansa a garin Tring na Ingila, ya ɗauki nauyin tura Buchanan zuwa Azbin. A lokacin masana a Turai sun san dabbobin Aljeriya da ke arewa da hamada, sun kuma san wani abu game da na Nijeriya da ke kudu da ita, amma tsakiyar ta zama giɓi a taswirarsu. Abin da Rothschild da Hartert suke son sani shi ne inda halittun Afirka ta Arewa suke ƙarewa, na ƙasar Sudan ta yamma su fara.

Buchanan ya sauka a Legas a ƙarshen 1919, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, inda layin dogo ya iso tun 1911. Ya tarar da Kano a farkon sarautar Sarki Usman, wanda ya gaji Sarki Abbas a wannan shekarar, kuma cinikin gyaɗa yana ta haɓaka. Ya ɗauki ma'aikata, ciki har da wani saurayi Bahaushe mai suna Sakari, wanda ya koyi aikin fiɗa da gyaran fatu, ya kuma zama abokin tafiyarsa a duka tafiye-tafiyen biyu.

Zaman Fanisau

Kafin ya nausa arewa, Buchanan ya kafa zango a Fanisau a watan Disamba na 1919. Garin yana kimanin kilomita goma arewa da birnin Kano. Tsohon ribaɗi ne tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi amfani da shi wajen yaƙi da Ɗan Tunku, kuma a can ne Baturen nan Hugh Clapperton ya gana da sarkin a 1824. Akwai gidan sarki a garin, da gandaye masu faɗi a kewayensa. Saboda haka wurin da Buchanan ya yi aiki ba daji ba ne. Ƙasar noma ce da aka daɗe ana nomawa, mai gonakin gero da dawa da gyaɗa, da itatuwa irin su ɗorawa, kuka, tsamiya da gawo a tsakiyar gonakin, da shingaye da burtali da saura nan da can.

Ya zo ne a lokacin hunturu, bayan an gama girbi. A irin wannan lokaci ƙasa a buɗe take, ramukan ɓeraye suna fitowa fili, ga kuma zubabben hatsi da ke jawo su. Tsarin aikin masu tattara samfuri a wancan zamani shi ne a ɗana tarko da yamma, a zagaya da asuba, a kuma sayi abin da mutanen gari suka kamo ko suka haƙo. Kowace dabba ana auna tsawon jikinta, da wutsiya, da ƙafar baya, da kunne. Sai a feɗe ta, a shafa wa fatar magani don kada ƙwari su ci, a cusa mata auduga, a wanke ƙoƙon kan, a ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai ɗauke da lamba da wuri da rana. A kan takardun Buchanan an rubuta sunan garin da Farniso, kuma da wannan rubutu ya shiga littattafan kimiyya. Littattafan baya sukan ƙara bayani cewa Panisau ake nufi.

An aika da kayan Fanisau zuwa Ingila, inda masana biyu na gidan ajiyar halittu na Landan, Oldfield Thomas da Martin Hinton, suka nazarce su. Sun wallafa sakamakon a shekarar 1920 a mujallar Novitates Zoologicae ta gidan Rothschild, a wata maƙala da ta keɓanta ga ƙananan dabbobin Kano. Daga cikin waɗanda suka raɗa wa suna akwai:

Gerbillus nigeriae, wani ɗan ɓeran daji mai launin rairayi, farin ciki, da dogayen ƙafafun baya. Yana haƙa rami a ƙasar jigawa, yana fita da dare, yana cin ƙwayar hatsi da ta ciyawa.

Steatomys cuppedius, ɗan ƙaramin ɓera mai gajeriyar wutsiya, daga dangin da ke tara kitse a jiki da damina da kaka, sa'an nan su lafe a rami su rage motsi idan rani ya tsananta.

Desmodilliscus buchanani, ɗan mitsitsin ɓeran rairayi mai jaka a kumatu wadda yake ɗiban ƙwaya a ciki. Daga baya masana sun mayar da shi cikin jinsin Desmodilliscus braueri, wanda aka riga aka siffanta daga ƙasar Sudan a 1916.

Poecilictis rothschildi, wani nau'in bodari mai zane fari da baƙi, wanda yanzu ake lissafa shi a cikin jinsin bodarin Sahara.

A ƙa'idar raɗa sunayen halittu, samfurin da aka fara siffanta jinsi da shi shi ne ma'aunin sunan har abada, wurin da aka kama shi kuma shi ne mahaifar sunan. Don haka duk masanin da ya kama wani ɓera a Senegal ko Chadi yana son tabbatar da cewa Gerbillus nigeriae ne, a ƙarshe da ɓeran Fanisau zai gwada shi.

Tafiya zuwa Azbin

A farkon 1920 Buchanan ya tashi daga ƙasar Kano da ayarin raƙuma, ya bi ta Damagaram, ya shiga Damargu. A can ya ɓata makonni yana fama da farautar jimina, ya kuma samo barewa iri-iri. Daga nan ya wuce Agadas, ya hau dutsen Bagzan, ya zaga arewacin Azbin har Iferwan. Ya tarar da ƙasar a raunane, domin shekaru uku kacal ke nan da sojojin Faransa suka murƙushe boren Kaosen na 1916 zuwa 1917, kuma ƙauyuka da yawa na arewacin Azbin sun zama kufai.

Ya koma Kano a cikin wannan shekarar da tarin tsuntsaye, da dabbobi, da ƙwari dangin malam-buɗe-littafi. A 1921 Thomas da Hinton suka wallafa bayanin dabbobin Azbin, Hartert ya yi na tsuntsaye, Rothschild kuma ya yi na dabbobi masu tuƙa da na ƙwari. A cikinsu akwai ɓera mai ƙayar baya da aka kira Acomys airensis, da remar Azbin da aka sa wa sunan buchanani, da ragon dutsen Azbin da Rothschild ya kira angusi, wato daga sunan Angus. Littafinsa kan tafiyar, Out of the World North of Nigeria, ya fito a 1921.

Ƙetare Sahara

A watan Maris na 1922 Buchanan ya sake tashi daga Kano, wannan karon da niyyar ƙetare hamada baki ɗaya. Ya tafi da mai ɗaukar hoton majigi, T. A. Glover. Francis Rodd, wanda daga baya ya rubuta littafi kan Abzinawa, ya yi wani ɓangare na tafiyar tare da su a Azbin. Buchanan da Glover sun bi babban ayarin gishiri da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, suka dawo Azbin, sa'an nan suka nausa arewa ta duwatsun Ahaggar. Sun isa Tugurt, inda layin dogon Aljeriya ya tsaya, a shekarar 1923, bayan tafiyar kimanin mil 3,500.

Raƙuman da suka taso da su daga kudu sun yi ta mutuwa a hanya. Na hawansa, wanda yake kira Farin Gashi, shi ne ya jure har dab da ƙarshen tafiyar kafin shi ma ya faɗi. Sakari da wani abokin tafiya mai suna Ali sun kai har ƙarshe, suka kuma bi shi zuwa Ingila. An nuna majigin tafiyar, Crossing the Great Sahara, a 1924. Oldfield Thomas ya wallafa bayanin dabbobin wannan tafiya a 1925, littafin Buchanan mai suna Sahara kuma ya fito a 1926.

Muhimmancin aikinsa ga nazarin muhalli

Buchanan bai zo domin kare namun daji ba. Aikinsa kamawa ne da harbi. Amma da yake ya rubuta wuri da rana a kan kowane samfuri, tarin nasa ya zama abin gwada jiya da yau.

A wajen manyan dabbobi bambancin a bayyane yake. Jiminar Azbin ta kusa ƙarewa ƙarƙaf a farkon shekarun 1990. Barewar nan mai suna dama a kimiyyance, wadda ya samo a Damargu, yanzu tana cikin dabbobin da suka fi kusa da ƙarewa a duniya. An kafa gandun dajin Azbin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991, sai kuma ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari a 1992.

Labarin ƙananan dabbobi ya bambanta, kuma ya fi wuyar gani. Idan muhalli ya canza, ba kasafai ɓeraye suke ƙarewa gaba ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne wasu jinsuna su ja baya, wasu su cike gurbinsu. Waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan abu ɗaya, kamar inuwar kurmi, ko ciyawar saura, ko kogon tsohuwar bishiya, su ne ke fara ɓacewa. Waɗanda ke cin komai suna haihuwa da yawa kuma sai su yaɗu. An ga haka a kurmin kudancin Nijeriya, inda D. C. D. Happold na Jami'ar Ibadan ya yi nazari: ɓerayen kurmi na dangin Praomys da Hylomyscus su ne ke rinjaye a ƙarƙashin manyan itatuwa, amma inda aka sare daji aka yi gona sai ɓerayen fili su shigo. Cikinsu akwai Mastomys natalensis, ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke shiga gidaje da rumbuna, kuma shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa.

Raguwar manyan dabbobi ita ma tana taɓa ƙanana. A wani gwaji da aka fara a 1995 a yankin Laikipia na Kenya, an killace filaye aka hana manyan dabbobi masu kiwo shiga, sai yawan ɓeraye a cikinsu ya kusa ninkawa. Haka nan idan mujiya, da maciji, da tunku, da bodari suka ragu, ɓera ya rasa mai rage shi. Asarar ba ta tsaya ga amfanin gona ba, domin wasu ƙananan dabbobin suna yi wa daji aiki. Gafiya tana kwasar 'ya'yan itace ta binne, jemage kuma yana kai iri nesa da uwar bishiya.

Ɓeran Fanisau da kansa ya zama misali. Gerbillus nigeriae ya yaɗu a faɗin Sahel, kuma a Nijar manoma sun san irinsa da tone irin gero bayan shuka. A ƙarshen ƙarni na 20 masana suka fara samunsa a arewacin Senegal, inda a da ba a san shi ba, suka danganta hakan da shekarun fari da ƙaruwar ƙasar rairayi. Ke nan canjin da ke korar wani jinsi shi ne ke buɗe wa wani hanya.

Ita ma ƙasar Ungogo ta shiga tarihin wannan bincike ta wata fuskar. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa nazari kan ƙasa da jama'a a gundumar Ungogo, kuma ayyukan Mortimore na baya sun nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da yawansu, suna kula da itatuwan gonakinsu, suna kai taki, ba sa barin ƙasa ta mutu. Irin wannan gona mai itatuwa da shinge tana ba ƙananan halittu mafaka. Abin da ya fi canza yankin daga baya shi ne faɗaɗar birni. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Ungogo tana da mutum fiye da 360,000, kuma gonaki da yawa na gefen birni sun zama filotai da unguwanni. Inda gini ya maye gurbin gona, ɓeran gida da jaɓa ne ke samun wurin zama, ba masu haƙa rami a jigawa ba.

Suka da mahawara

Ana kallon aikin Buchanan a yau ta fuska biyu. Ta ɗaya fuskar, ya yi aiki mai tsafta wanda masana irin su D. R. Rosevear, tsohon shugaban ma'aikatar gandun daji ta Nijeriya, suka dogara da shi. Rosevear ya wallafa babban littafinsa kan ɓerayen Afirka ta Yamma a 1969. Ta ɗaya fuskar kuma, aiki ne na zamanin mulkin mallaka. Sunayen kimiyya sun tafi ga Turawan da suka biya kuɗi ko suka jagoranci tafiya, alhali mafarauta da 'yan rakiya da masu fiɗa, waɗanda suka san dabbobin da sunayensu na Hausa da na Abzinanci tun kafin zuwansa, kaɗan ne aka ambata. Littattafansa ma suna ɗauke da irin kallon raini da Turawan lokacin suke yi wa 'yan Afirka, ko da yake ya yaba wa wasu abokan tafiyarsa.

Samfurorin kuma duk suna ƙasashen waje. Dabbobin da Thomas da Hinton suka siffanta suna Landan. Tsuntsayen gidan Tring kuwa, Rothschild ya sayar da mafi yawansu ga gidan ajiyar halittu na birnin New York na Amurka a 1932. Ɗalibin Kano da ke son ganin ainihin ɓeran da aka kama a Fanisau a 1919 sai ya ƙetare teku.

Mutuwa

Angus Buchanan ya mutu a shekarar 1954 yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya bar littattafai biyar na tafiye-tafiye da yaƙi idan aka haɗa da bugun Amurka na littafin Azbin, da majigi ɗaya, da tsuntsaye da dabbobi da dama masu ɗauke da sunansa. Sunan Farniso kuma yana nan a jerin sunayen dabbobi masu shayarwa na duniya, a gefen Gerbillus nigeriae da Steatomys cuppedius.